Ranar da Wumbei Ya Ƙure Wa Wayarsa Gudu

A rumfar masu saƙar kujeru da ke bayan tashar motar Tolon, a nan Tamale, makafi ne ke aiki, kuma kowa da abin da aka san shi da shi. Azindoo an san shi da saurin hannu. Wumbei kuwa an san shi da baki. Idan aka ce wani ya gama kujera a wuni guda, Wumbei zai ce shi ya taɓa gama biyu yana fama da zazzaɓi. Idan aka ce wani ya je Kumasi, shi ya je ya dawo, har direba na tambayarsa hanya. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Cika baki ne kawai ya bi jikinsa, har shi kansa ya daina gane inda gaskiyarsa ta tsaya.

Mutum ɗaya ne ya gagari bakin nan, shi ne surukinsa, Mba Neindow (a harshen mutanen nan, Mba shi ne Baba). Tun da matarsa Balchisu ta yi haihuwar fari ta tafi goyo gidan ubanta a wani ƙauye bayan Tolon, Wumbei yake kwana shi kaɗai yana cin tuwon saye. Rabonsa da 'yarsa Tipagya tun tana koyon zama. Yanzu an ce har ta miƙe tana tafiya, wato lokacin dawowarsu ya yi. Ya aika goro, ya aika zabi, ya aika manya, ya je da kansa ya tsuguna har gwiwoyinsa suka yi tsami. Tsohon ya karɓi komai, ya yi godiya, ya kuma yi shiru abinsa. Sai daga baya saƙo ya iso, cewa ranar kasuwar Tamale mai zuwa zai kira shi a waya ya faɗa masa matsayar da ya yanke. Wanda ya kawo saƙon ya ƙara da nasa gargaɗin, ya ce Wumbei ya kula, Mba Neindow ba ya kiran yaro sau biyu.

Da wani ne, da ya rungume tsohuwar wayarsa mai madannai, wadda yatsansa ya san kowane lungu nata, ya zauna jiran ranar. Wumbei ya ce Allah ya kiyaye.

"Kira irin wannan ba a amsa shi da wayar masu tallan ƙosai," in ji shi. "So nake tsohon ya ji a muryata cewa surukinsa ya wuce wurin."

Ya bayar da tsohuwar, ya yi ciko, ya karɓo wata mai faɗi sumul, ba madanni ko ɗaya a fuskarta, sai shafawa. Aka kunna masa muryar nan da ke karanta wa makafi abin da ke kan fuskar waya. Ka ɗora yatsa, wata Baturiya ta faɗa maka abin da ka taɓa. Ka ƙwanƙwasa sau biyu, ya buɗe. Kira ya shigo, ta faɗi sunan mai kira, ka ɗora yatsu biyu ka ja sama ka amsa, ka ja ƙasa ka katse. Wumbei ya ce wannan ai ko jariri ya iya, ya kuma raɗa wa Baturiyar suna Madam.

Ranar kasuwa tun da hantsi ya iso rumfa cikin rigar saƙin da yake ajiye wa Juma'a. Bai taɓa igiyar saƙa ba. Ya bi masu teburin kusa ɗaya bayan ɗaya yana shelanta musu cewa yau surukinsa zai kira, kuma a sifika zai amsa, domin yara masu tasowa su koyi yadda ake magana da manya. Mma Azara mai sayar da wasawasa, wato dambun garin doya, wadda tukunyarta ke bakin rumfar tun kafin a haifi rabinsu, ta ce da ya yi wannan magana a ɗakinsa, shi da Allahnsa.

"Mma, abin alheri ba a ɓoye shi," ya ce.

Ya zauna yana shafa wayar, Madam tana karanta masa abubuwa dalla-dalla, a natse. Daga gefe wayar Azindoo ta yi wani ɗan surutu mai sauri ta yi shiru. Azindoo ya daɗe da irin wayar nan, kuma duk wanda ya daɗe da ita kunnensa kan saba, ya riƙa ƙara wa muryar gudu kaɗan-kaɗan don kada ta ɓata masa lokaci. A rumfar nan da gudun muryar wayarka ake gane matsayinka.

"Wumbei, Madam ɗin taka ba ta karya ba ne?" in ji Azindoo. "Tana jan magana kamar mai jin barci."

"Ladabi ne. Ta san da wa take magana."

"A'a, kada ka ji kunya. Haka kowa yake farawa. Ni ma da nake ɗan koyo a wannan gudun nake ji."

Kalmar ɗan koyo ta soki Wumbei har cikin ƙashi. Ya tambaya, kamar ba da gangan ba, me kuma ƙwararru suke yi. Azindoo ya ce suna ja wa fuskar wayar baƙin labule, ta yi duhu ƙirin, don kada masu ido su leƙa musu asiri a cikin mota. Nan take Wumbei ya sa aka nuna masa, ya ja labulen. Sai ya tambayi inda ake ƙara gudu. Azindoo ya bi da shi mataki-mataki har wurin.

"Ƙara ɗaya kawai. Ya ishe ka na wata guda."

Wumbei ya ƙara ɗaya. Ya ƙara wani. Ya kai gudun Azindoo, ya yi tsaki, ya wuce. Bai tsaya ba sai da abin ya ƙi ƙaruwa. Ya ɗora yatsa a kan wayar, Madam ta buɗe baki, abin da ya fito kuwa kamar garken zabi ne shaho ya faɗa musu. Ba farkon kalma, ba ƙarshenta.

Azindoo ya ce, "Kai, ko ni ban taɓa zuwa nan ba. Kana ji kuwa?"

"Ras," in ji Wumbei. "Sai yanzu ma na fara jin daɗinta. Da can gajiyar da ni take yi."

Gaskiyar magana, ko harafi ɗaya bai kama ba. Ya yi niyyar idan hankali ya bar kansa ya lallaɓa ya rage. Sai da ya fara lalubawa ya gane ramin da ya haƙa wa kansa. Hanyar komawa wurin rage gudun, ita Madam ɗin ce za ta karanta masa ita, kuma da wannan gudun za ta karanta. Ya shafa nan ta yi kururuwa, ya shafa can ta yi kururuwa. Ya cusa ta a aljihu, gumi na bin bayansa, yana murmushi.

Wani mai gyaran takalma ya ce, "To me ta ce yanzu?"

"Ta ce caji ya cika. Ta ce ana ruwa a Accra. Ta kuma ce a gaishe ku."

"Muna amsawa," in ji mai takalma. Ya tafi ya kira abokansa su zo su ga makahon da ya fi rediyo kunne.

Ana cikin haka wayar ta ɗauki ƙara. Madam ta faɗi sunan mai kira, cikin ƙiftawar ido ta gama. Wumbei ya zabura, ya fizgo wayar daga aljihu, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Ku lura da kyau. Yatsu biyu. Sama."

Ya ja. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya kara a kunne ya ce salamu alaikum, ya sake cewa, ba amsa.

Azindoo ya miƙo hannu ya taɓa wayar a hannunsa. "Ina ramin caji?"

"Ga shi nan a sama."

"A ƙasa yake zama, gwani. Kife ka riƙe ta. Saman da ka ja ƙasa ne. Ka katse mutum."

Dariya ta ɓarke. Mma Azara ba ta yi ba, ta ce, "Wane ne ka katse?"

"Kamfanin waya ne, masu tallan waƙa," in ji Wumbei ba tare da ya ko numfasa ba. "Da kunnena na ji ta faɗa. Da gangan na katse, don in nuna muku yadda ake yi da masu ɓata wa mutum lokaci."

Bakinsa ne kawai ya faɗi haka. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Idan tsohon ne fa? Ya tuna ɗakinsa, da tabarmar da ya saya wa Tipagya har yanzu tana naɗe a jikin bango.

Bai gama wannan tunani ba wayar ta sake ɗauka. A wannan karon ya laluba ramin caji, ya juya ta daidai, ya ja sama. Allah ya taimake shi, gefen hannunsa ya taɓa sifika ta buɗe. Bai jira ya ji murya ba. Ya tuɓe takalma, ya cire hula, ya zube ƙasa a tsugune cikin rigar Juma'a.

"Mba, ina kwana?"

"Naa," in ji wayar, yadda ake amsa gaisuwa a nan.

"Yaya sanyin safiya?"

"Naa."

"Yaya gida, yaya iyali, yaya gona, yaya ƙafar nan da ke damunka?"

"Naa, naa."

"Ɗanka ne Wumbei, yana ƙasa, bai isa ya miƙe ba sai ka ce."

"To zauna nan tukuna," in ji muryar, tana shaƙe dariya. "Wumbei, yaushe na zama babanka? Dokurugu ne mai aski. Ina kujerata? Kwastomomina a kan bokiti suke zama."

Dokurugu yaro ne da Wumbei ya girme wa nesa ba kusa ba. Masu kallo suka riƙe ciki. Wata mai tallan tubani ta ajiye farantinta don kada ya zube. Wumbei ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce ai ya san shi ne, gwaji yake yi, domin ɗan kokawa ma kan motsa jiki kafin ya shiga fili. Ya nemi ya katse kiran, abin ya ƙi. Dokurugu ya ci gaba da lissafa wa jama'a alkawuran da aka yi masa a kan kujerar, har sai da ya gaji don kansa ya kashe.

"Daga yanzu ba wanda zan sake tsugunawa sai na ji muryarsa," in ji Wumbei.

"Hankali ya fara zuwa," in ji Azindoo.

Amma kiran farko ya tsaya masa a wuya. Ya koma kan bencinsa, ya juya wa mutane baya, ya ɗora wayar a cinya ya rufe ta da gefen riga. Dabararsa ita ce ya nemo lambar da ya katse ya kira ta a asirce. Ya shafa, Madam ta yi ihu. Ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ya sake shafawa, ya sake ƙwanƙwasawa, yana bismilla a zuci. Can sai ya ji layi ya shiga, yana ƙara. Ya yi ajiyar zuciya, ya fara zame gwiwa ƙasa a hankali, alkawarin ɗazu ya bi iska.

A gefensa wayar Azindoo ta yi ƙara, ta faɗi sunan Wumbei.

Azindoo ya ɗaga, ya gyara murya, ya yi ta tsofaffi. "Naa. Yaro, kana tsugune ne ko kana tsaye?"

Wannan karon har Mma Azara sai da ta saki ludayi. Yaran mota suka baro lodi suka zo. Masu keke mai ƙafa uku suka tsaya da fasinja a ciki. Wumbei ya ce gwada layin yake yi ya ga ko yana kaiwa nesa, aka ce lalle ya kai, tunda ya tsallake benci guda. Cikin fushi ya shafi wayar da tafin hannu gaba ɗaya, ita kuwa Madam ta ɗauka umarni ne, ta kama karatu daga sama ba tsayawa. Ya danne ta da hula, tana yi. Ya sa ta a hammata, tana yi. Ya zauna a kanta, jama'a suka ce yanzu kuma daga wani wuri maganar take fitowa.

"Kawo in duba maka, ni mai ido," in ji Mma Azara. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta juya ta gaba da baya. "Ai wannan ta mutu. Baƙa ƙirin."

"Ba mutuwa ta yi ba, labule na ja mata."

"To buɗe mana."

"Ba a buɗewa a gaban mutane."

Ta miƙa masa kayarsa. "Mai ido ba ya gani, mai kunne ba ya ji. Ka haɗa abu mai kyau, Wumbei."

Azindoo mutum ne mai tsokana, amma ba ya son ya ga abokinsa ya nutse. Ya matso har kafaɗarsu ta haɗu, ya rage murya. "Bar wasa. Miƙo ta ta ƙarƙashin benci. Hannuna ya san hanyar ko ban ji ta ba, yanzu zan mayar maka da ita yadda take. Mu duba wanda ya kira ka. In tsohon ne, ka kira shi ka ba shi haƙuri tun rana ba ta yi ba."

Wallahi Wumbei ya so ya bayar. Hannunsa har ya sauka ƙasa da wayar. Sai mai gyaran takalma, wanda ya tara abokai a kan maganarsa, ya hango.

"Au! Ashe ba ya ji? Gyara masa za a yi?"

Hannun ya dawo sama da sauri. "Wa? Ni? Azindoo ne ke roƙona in ara masa ya ji yadda gudun manya yake. Na ce ya bari sai kunnensa ya yi ƙwari."

Azindoo ya ja jikinsa ya koma kan saƙarsa. "Allah ya ba da sa'a," ya ce.

To, abin da Wumbei bai sani ba, kuma ba yadda zai yi ya sani a cikin hayaniyar da shi da kansa ya tara, shi ne a daidai lokacin wani dogon tsoho mai farar hula ya ratso ta cikin jama'a daga wajen tasha, ya tsaya a bayansa. Tare da shi akwai wata matashiya riƙe da hannun 'yar ƙaramar yarinya. Mma Azara ta sha bikin Wumbei, ta san fuskokin nan. Ta buɗe baki, tsohon ya ɗaga mata hannu, ta rufe.

Wani yaron mota ya ce, "Wai in surukin naka ne ka katse da safe fa? An ce ba ya kira sau biyu."

"Wa? Mba Neindow?" Wumbei ya yi dariya, ya gyara tsayuwa, don ya ji taron ya yi kauri. "Ku ba ku san tsohon nan ba. A waje ne yake zaki. Ni a tafin hannuna yake."

Mma Azara ta yi tari.

"Wayarsa ma da robar taya aka ɗaure ta. In zai kira mutum sai ya hau tudun tururuwa."

Mma Azara ta buga ludayi a bakin tukunya. "Wumbei, zo ka ci wasawasa. Kyauta. Zo ka cika bakinka da shi."

"Mma, ana magana. Ku saurara, ni na san lissafinsa. Hatsinsa ne ya ƙare, ya gaji da ciyar da baki biyu. Duk jan ajin nan na banza ne. Ko na katse shi sau goma sai ya sake kira. In ya kira kuwa ce masa zan yi, Mba, lokacina kaɗan ne, faɗi abin da ke tafe da kai."

Ya jira dariya, ba ta zo da yawa ba. Ya ɗauka kwarjini ne ya kama su.

Tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da wayarsa. Da robar taya kuwa aka ɗaure ta, a nan kam Wumbei bai yi ƙarya ba. Ya miƙa wa Balchisu. Ta dube shi da idon roƙo, bai dube ta ba. Ta danna lambar ta mayar masa.

Wayar Wumbei ta ɗauki ƙara. Ya laluba ramin caji, ya ɗora yatsu biyu, ya ja sama, ya taɓa inda ya taɓa ɗazu, sifika ta buɗe. Karo na farko a ranar komai ya tafi daidai, kuma sai da ya tabbatar kowa ya shaida. Ya riƙe ƙugu da hannu ɗaya.

"Wa ke magana?"

"Neindow ne."

Ba a ga lokacin da ya kai ƙasa ba. Takalmi ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma. Ya jero gaisuwa har numfashinsa na sarƙewa, tsohon na amsa naa, naa, a hankali. Muryar tana fitowa daga wayar, tana kuma fitowa daga bayansa. Wumbei ya ji haka sarai. Ya toshe bakin wayar da hannu, ya juyo wajen jama'a yana raɗa mai ƙarfi.

"Kun ji waya ko? Kamar yana tsaye a bayana!"

Wata mata ta cusa gefen mayafi a baki. Azindoo, wanda tuni kunnensa ya gaya masa abin da ake ciki, ya ce a hankali, "Wumbei, juya."

"Yi mini shiru, ɗan baƙin ciki."

"Na kira ka da safe," in ji tsohon.

"Kira, Mba? Wallahi bai shigo ba. Ka san sabis ɗin ƙauyenku. Sai an hau tudu."

"Na ƙauyenmu."

"Shi fa, Mba. Mu nan birni ba mu da wannan matsala."

Babban yatsansa ya goga fuskar wayar. Madam ta saki wata doguwar kururuwa a tsakiyar maganar surukai.

"Wace ce wannan take sa mana baki?"

"Mai taimaka mini ce, Mba. Ita ke karɓar mini kira, ta sanar da ni."

"To. Ka zama sarki ke nan, sai an bi ta wajen mai magana da yawunka. Me ta ce?"

"Ta ce... tana gaishe ka. Ta ce Allah ya ƙara girma."

"Duk a cikin wannan?"

"Tana da saurin baki, Mba."

Ita kuwa Tipagya tun ɗazu abin nan mai kukan zabi yake ɗaukar mata hankali. Ta zame hannunta daga na uwarta, ta taho da gudunta na masu sabon koyon tafiya, ta zagayo gaban mutumin da ke tsugune. Tsayinsu ya zo daidai. Ta dafa gwiwarsa da hannu ɗaya, ta kama wayar da ɗayan, ta ja.

Wumbei ya ji ƙananan yatsu masu danƙon alewa a kan wayarsa mai tsada, a tsakiyar kiran da ya fi kowane kira a rayuwarsa. Ya fizge, ya sa gwiwar hannu ya ture. Yarinyar ta faɗi zaune daɓas, ta tsage da kuka.

"Kai! Ɗan wa ke nan? Ku riƙa riƙe 'ya'yanku mana, ana magana da manya! Yi haƙuri, Mba, wani yaro ne mara tarbiyya. Ni ban san wane irin sakarai ne ubansa ba."

Tsohon ya sauke waya daga kunne, ya kashe ta. Muryar ta fito daga wuri ɗaya tak, daga bayan Wumbei, kusa ƙwarai.

"Tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun safe."

Sai wata murya da Wumbei zai gane ko a cikin kasuwa dubu ta ce, "Tipagya, zo nan. Yi shiru, zo."

Wumbei ya juya a tsugune, bai ma san ya saki wayar ba. Ya miƙa hannu wajen kukan, amma an riga an ɗauke ta.

"Mba... Mba, ban san..."

"Na sani. Ba ka sani ba." Tsohon bai ɗaga murya ba, kuma ba a bukatar ya ɗaga, don ko masu keke sun kashe inji. "Na zauna na yi tunani, na ce yaron nan ya yi haƙuri, ga damina, hanyarmu ta lalace, kada in sa shi ya yi ta faɗawa cikin taɓo da sanda. Abin da ban yi wa kowa a cikin surukaina ba na ce zan yi maka. Na sa ta ɗaure kayanta, na kawo maka su har tasha. Na kira ka in ce ga mu, zo ka karɓi iyalinka. Ka katse ni. Ita ta roƙe ni, ta ce kuskure ne, mu taka mu same ka. Na tako. Na kuwa ji abin da ya kawo ni."

"Mba, baki ne kawai. Kowa a nan ya san bakina. Azindoo, gaya masa!"

"Baki ne, Mba," in ji Azindoo. "Wallahi zuciyarsa ba haka take ba."

"Hatsina bai ƙare ba," in ji tsohon. "Zai kai mu har a haƙe doya, mu da baki biyun. In an haƙe, ka turo manya a sake magana daga farko. Kayan ma ba a sauke su daga mota ba, an hutar da yara."

Ya juya. Jama'a suka buɗe masa hanya. Balchisu ta ɗan tsaya, yarinyar na shessheƙa a kafaɗarta. Ta sunkuyo daidai kunnen mijinta, ga shi ita ma ta gaji da zaman gida.

"Tun daga Tolon nake koya mata ta ce Mba. Ta iya."

Ta bi bayan ubanta. Wumbei ya miƙe zai bi su, ba takalmi, ba sanda, ya yi karo da kujerar Dokurugu da ba a gama ba, ya faɗi a kanta. Kafin a tashe shi a nemo masa sandar, yaran motar Tolon sun daina kiran fasinja, an ji ƙofa ta rufe, mota ta ja.

Taron ya watse a hankali, kowa ya tuna yana da abin yi. Azindoo ya laluba ƙasa ya tsinci wayar, ya yi 'yan shafe-shafensa, Madam ta dawo tana magana dalla-dalla. Ya ajiye ta a kan benci kusa da mai ita. Wumbei bai taɓa ta ba. Yana zaune yana murza gwiwarsa, daidai inda ɗan hannun nan ya dafa.

Can ya ce, "Mma."

"Na'am."

"Tana tafiya sosai?"

"Har da gudu. Da gudu ta zo wurinka."

Wumbei ya ɗaga kai, ya gyara wuyan riga, ya nemo muryarsa ta kullum, ko da yake rabinta kawai ya samu.

"Ai na san ita ce. Gwada ta nake yi, in ga ko tana da zuciya irin tawa."

Mma Azara ta zuba wasawasa a kwano ta ajiye masa a cinya. Ba wanda ya yi dariya, har Azindoo.